Jika 200 a hannu, gona ta gaji: injin sola ko gyaran ƙasa?

Ɗan Gidan Rumji: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Shawara nake nema. Na dawo daga ci-rani da jika 200 na sefa, kuma na ƙudurta in zuba su a gonar gidanmu, ba in sayi babur in shiga kabu-kabu kamar abokaina ba. Gonar jigawa ce, hekta uku, hatsi da wake muke sawa. Shekarun nan amfanin sai baya yake yi, abin da muke ɗaurewa ba ya fitar da mu rani. Na ga injin ban ruwa mai aiki da hasken rana a kasuwar Maradi, raina ya biya. Wanda ya san kan abin ya faɗa mini gaskiya tun kuɗin ba su bar hannuna ba.

Ɗan Jiratawa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, sayi. Mu nan tun da muka koma sola muka huta da zancen mai. Da can in ka sayar da tumatir, kafin ka isa gida mai bin ka bashin mai ya tare ka. Yanzu da rana ta fito ruwa ya fito. Zogale kaɗai in ka riƙe shi da ban ruwa, mata masu saye har gona suke biyo ka. Noman damina shi kaɗai ya daina riƙe gida, kowa ya sani.

Malamin gona: Kafin a ce masa sayi, a tambaye shi inda ruwan yake. Ɗan Jiratawa, kai a kwarin Gulbi kake, ruwa na kusa da kai. Shi kuwa jigawa ya ce. Injin da ke zaune a bakin rijiya yana zuƙo ruwa, na mai ne ko na sola, ba ya ɗago abin da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8, ko wane kamfani ya ƙera shi. In ruwa ya fi haka nisa sai famfon da ake zurawa cikin burtsatse, kuma haƙa burtsatsen kaɗai a kan tudu ya wuce kuɗin da ke hannunsa. Ƙanena, rijiyar garinku gaba nawa ce?

Ɗan Gidan Rumji: Malam, ta haura gaba ashirin, da shanu ake jan guga. Fadama kuwa ba mu da ko tafin hannu.

Malamin gona: To ka ajiye zancen injin tukuna. Ko a kwarin ma, tun da aka datse ruwa a Jibiya Gulbi ba ya malala kamar da, masu lambu sai ƙara wa rijiyoyinsu zurfi suke yi.

Baba na Tibiri: Ɗana, amsa mini abu guda. Itace nawa ke tsaye cikin hekta ukun nan?

Ɗan Gidan Rumji: Gawo biyu da aduwa ɗaya, Baba. Sauran sabara ce da kalgo, duk shekara muna sassabe su mu ƙone kafin shuka.

Baba na Tibiri: To ga ciwon gonarka nan, kuma maganinsa ba ya cin ko dala. Mu da munka ga 1984, shekarar da ake kira El Buhari, mun san yadda ƙasar ga ta koma. Ka tsaya bakin gari kana hangen mai tafe tun daga nesa, babu itacen da zai tare maka ido. Iska ta taso ta binne shuka, ka sake, ta sake binnewa. Mata na wuni a daji neman itacen girki, ƙarshe da kara da kashin shanu anka koma dafa tuwo, abin da ya kamata ya zauna a gona ya zama taki. An yi ta kawo dashe ana sawa, rana na kashe wasu, awaki na cinye sauran.

Wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki nan Maradi a lokacin, shi ya lura a 1983 cewa tsiron da muke sassabewa duk shekara itace ne mai tsohuwar saiwa can ƙasa, da ransa, so yake kawai a ɗaga masa gatari. Daga nan sassabin zamani ya samo asali. Lokacin yunwa anka haɗa shi da rabon abinci: ka bar itace a gonarka, a ba ka hatsi. Da rabon ya ƙare mafi yawa sunka sare nasu. Kaɗan da sunka bari su ne sunka zama malaman saura, don maƙwabci ya ga hatsinsu ya tsira daga iska, matansu kuma sun daina zuwa daji.

Yadda ake yi: ka je gindin kututture mai tsiro goma ko ashirin, ka zaɓi uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, ka cire saura. Waɗanda ka bari ka rage musu rassan ƙasa har rabin tsayinsu, ka bar na sama. Gatari ko lauje ya zama mai kaifi, kuma daga ƙasa ake sara zuwa sama, don kada ɓawo ya yage ya bi jikin itacen. Ka ɗaura jan ƙyalle, mai wucewa ya san da mai shi. Bayan ƴan watanni ka koma ka cire sabon tsiron da ya fito. A hekta ka fara da kamar arba'in.

Manomi daga Mayahi: Baba, da girmanka, amma akwai magana. Itace a gona yana tara tsuntsaye, inuwa kuma tana danne hatsi. Na uku shi ya fi damuna: ka raini itace da hannunka, ranar da ka datse reshe ma'aikacin gandun daji ya zo ya ci ka tara. Iyayenmu ba don wauta suke tumɓuke tsiro tun yana ƙarami ba, gudun wannan suke.

Baba na Tibiri: Na ukun gaskiya ne, shi ya sa ƙasar ta zama fili. Da can itace na gwamnati ne ko da a tsakiyar gonarka yake, to wa zai raini abin da zai jawo masa tara? Amma zancen inuwa, je ka tsaya ƙarƙashin gawo a watan Agusta. Ba ganye ko ɗaya a kansa, ya zubar tun farkon damina, sai da rani yake sa sabo. Hatsin gindin gawo ya fi na ko'ina a gona baƙi da kauri. Da rani bisashe na kwana a inuwarsa suna cin ƴaƴansa suna bar maka taki. Sabara da kalgo kuwa kai ke da iko da su, in sun yi yawa ka rage, ka kai itacen gida. Tsuntsu yana zuwa, ban musa ba, amma yana cin tsutsa ma.

Ɗalibar aikin gona: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Kawu na Mayahi, doka ta canza. An sake dokar gandun daji a 2004, sannan a 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman kan wannan sassabe, wadda ta amince cewa manomin da ya raini itace a gonarsa yana da haƙƙin cin moriyarsa. Datse reshe daban, kayar da babban gawo daban, wannan sai ka nemi izini wurin ma'aikacin gandun daji na komin ɗinku. Masu binciken da suka gwama tsofaffin hotunan sama da na baya-bayan nan sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da suka farfaɗo ta wannan hanya a Nijar, akasari a jihohin Maradi da Damagaram, itace wajen miliyan 200. Manoma ne suka yi da gatarinsu. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo a Suwidin a kan wannan aiki.

Ɗan Jiratawa: Duk na ji, amma yaron nan iyali gare shi. Itace shekara nawa zai ɗauka? Bana me za su ci?

Baba na Tibiri: Tsiron tsohuwar saiwa ba dashe ba ne, ba ya jira. Shekara ta biyu kana samun itacen girki da sandar danni. Amma tambayarka a kan hanya take, Malam ya amsa ta.

Malamin gona: Na bana shi ne taki, amma ba watsawa ba. Akwai dabarar da cibiyoyin binciken noma, ICRISAT ta Sadore da INRAN ta gwamnatin Nijar, suka daɗe suna koyarwa: ɗan taki kaɗan a kowane rami. Giram 6 na takin zamani 15-15-15, wato cikin murfin kwalbar lemo, ko giram 2 na takin DAP, abin da yatsa uku ke ɗauka. In ka shuka da tazarar mita ɗaya-ɗaya, rami 10,000 ke cikin hekta, ka ga kilo 60 na 15-15-15 ke nan, ko kilo 20 na DAP. Ƙasarmu ta jigawa sinadarin fosfor ne babban abin da ta rasa, kuma hatsi tun yana jariri yake buƙatarsa don ya kafa saiwa. Sharaɗi biyu. Ƙasa ta jiƙu sosai, kuma kada takin ya kwanta a jikin irin, yana ƙona shi. Na biyu, kada ka ce takin zamani ya ɗauke maka kai takin gida. Yashi ba ya riƙe komai sai da ruɓaɓɓen abu a cikinsa. Wanda ya dogara da murfin kwalba kaɗai shekara da shekaru, ƙarshe gonar ƙara tsotsewa take yi.

Ɗan Madarumfa: Me zai hana ya yi tassa, ramukan nan da ake haƙawa a zuba taki a shuka a ciki? Ina ganin hotunanta ko'ina, an ce tana ninka amfani.

Malamin gona: Tassa da rabin wata, wato rami mai siffar rabin wata, na fako ne, ƙasa mai tauri da ruwa ke gudu a kanta bai shiga ba, irin ta wajen Illela da Badagishiri a jihar Tawa, ko ta arewacin Burkina Faso inda marigayi Yacouba Sawadogo ya yi suna da ita. Can ramin ke tare ruwa da taki. A jigawa ruwa yana shiga da kansa, ramin kuma iska ce za ta cike shi da yashi kafin ruwan farko. In akwai wani ɓangare na gonar da ya yi fako, ya yi a nan kawai. Sauran ya bar kara a kwance, shi ke tare yashin da iska ke kwasa, gara kuma ta ci ta buɗe ƙasa.

Inna ƴar ƙungiya: Sannunku da muhawara. Ku maza kuna ta lissafin buhun taki, mu mata da gamanarmu take can ƙarshen daji, ba amalanke ba kuɗi, ga abin da muke yi. Na ɗaya dunƙulen iri. Yashi, laka, tokar murhu da irin hatsi, a kwaɓa da ruwa kaɗan, a mulmula ƙanana kamar ƙwallon magarya babba, a shanya a inuwa. Da su muke binne tun ruwa bai sauka ba. Ɓera da tsuntsu da tururuwa ba sa samun irin, yayyafi kaɗan ba ya ruɗarsa ya tsiro ya mutu, in ruwan kirki ya zo kuma tsiron yana tashi da abincinsa a gindi. Kada a sa takin ure a ciki, yana kashe irin. Na biyu shi ne Oga. Fitsarin gida muke tarawa a bido, mu rufe gam, mu ajiye wata biyu zuwa uku, sannan mu surka da ruwa mu zuba a gefen gindin hatsi, mu rufe da ƙasa. Ɗana, gwada a layi goma kawai ka bar goma, idonka zai ba ka labari.

Manomi daga Mayahi: Subhanallahi! Inna, najasa a abincin da za mu sa a baki? Wannan kam ban yarda ba, ko zai cika mini rumbu goma.

Inna ƴar ƙungiya: Ƙanena, bayan gari inda kowa ke zagayawa, ba nan hatsi ya fi kyau ba? Ka taɓa ƙin cin na wurin?

Almajirin ilimi: A yi a hankali da hukunci. Fitsarin mutum najasa ne, babu saɓani, wanda ya taɓa jikinsa ko tufarsa sai ya wanke kafin salla. Amma shukar da aka shayar da najasa, a mazhabarmu ta Malikiyya mai tsarki ce, Shehu Halilu ya lissafa ta cikin abubuwa masu tsarki a Muhtasar. Ƙasa ce ke ci, ta juya shi, tsiro ya ɗauka. Abin lura shi ne mai aikin ya keɓe tufar aiki, ya wanke hannu, kada kuma a zuba a kan ganyen da za a ci ɗanye. Wanda ransa bai kwanta ba ya bari, amma kada ya haramta wa wani.

Manomi daga Mayahi: Allah gafarta Malam, na karɓi hukuncin. Zuciyata dai ba ta ɗauka ba.

Ɗalibar aikin gona: Kawu, ba kai kaɗai ba ne, warin ma yana korar mutane da yawa. Amma aikin an auna shi. Matan tarayyar manoma ta FUMA Gaskiya, nan jihar Maradi, sun yi gwaji ɗaruruwa a gonakinsu tare da masu bincike daga 2014 zuwa 2016, aka samu ƙarin amfanin hatsi wajen kashi 30 cikin 100. Tun kafin nan an yi irinsa a Agye da sunan takin ruwa. Dalilin a fili yake: sinadarin da ke cikin takin ure da muke saye da tsada, shi ne a cikin fitsari. Ajiyar watannin nan a rufe ita ke kashe ƙwayoyin cuta, rufewa da ƙasa kuma don kada ƙarfinsa ya bi iska. Ni abin da ke taɓa ni, macen da ba ta taɓa riƙe kuɗin buhun taki ba yau tana da taki nata na kanta.

Hajiya mai wake, Tasawa: Kun cika gona da amfani, ba wanda ya tambayi inda za a zuba shi. Ɗana, wakenku yaushe kuke sayarwa?

Ɗan Gidan Rumji: Da kaka, Hajiya. In mun ajiye, wata biyu ya zama gari.

Hajiya mai wake, Tasawa: To mu muke cin guminku, gaskiya ɗaya ce. Da kaka kowa ya fito da nasa tiya ta faɗi, mu saya mu ajiye, mu fitar lokacin shuka da tsada. Bambancina da kai buhu ne kawai. Buhun PICS, mai riɓi uku: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Ba a sa masa magani ko kaɗan. Ƙwarin da ke cikin waken su ke shanye iskar da ta rage, in ta ƙare su daina ci su mutu. Amma sai an bi ƙa'ida. Wake ya bushe ƙarau, a sheƙe shi tas, don tsinke ɗaya yana huda leda. Kowace leda a hura ta a gani ko tana yoyo. A cika, a matse iska, a murɗe bakin ta ciki a lanƙwasa a ɗaure, sannan ta biyu ita kaɗai, sannan na waje shi kaɗai. A ɗora a kan katako nesa da bango saboda ɓera. Kada a riƙa buɗewa ana ɗiba, na ci a ware shi daban. Buhun da bai huje ba yana sake shekara. Daga cikin jika 200 ɗin nan, wannan ne farkon abin da zan saya in ni ce.

Kuma don Allah a daina zuba piya-piya a wake, a daina ajiye ƙwayar fostoksin ta kashe ƙwarin ajiya a ɗakin da ake kwana. Hayaƙinta yana kashe mutum, yara sun fi saurin tafiya. Abin da za ka sayar wa wani ya dafa wa ɗiyansa ne.

Ɗalibar aikin gona: Hajiya ta gama magana. Buhun daga jami'ar Purdue ta Amurka ya fito, an fara yaɗa shi a ƙasashenmu a 2007, kuma masu binciken INRAN na Tarna suna cikin waɗanda suka gwada shi a ƙauyuka. Nijar ce ta biyu a duniya wajen noman wake bayan Najeriya, ka ga asarar ajiya ba ƙaramar asara ba ce. Wanda bai samu buhun ba, bidon mai da aka wanke ya bushe yana yin aikin, in an cika shi har wuya aka toshe murfin da leda.

Ɗan Madarumfa: Akwai na jabu a kasuwa fa, ledar ciki sirirya.

Hajiya mai wake, Tasawa: Akwai. Ka taɓa da hannunka, ta gaske tana da kauri, ba ta miƙewa in ka ja. Ka saya wurin wanda za ka iya komawa gobe ka same shi.

Maƙeri a Maradi: Ni ba manomi ba ne sosai, amma duk abin da ya lalace a gonakinku wurina yake ƙarewa, don haka ina da ta cewa. Bayan rumfata akwai tulin kayan da wasu masu aikin taimako suka raba a ƙauyuka: robobin ban ruwa na ɗigo da suka toshe, injin da aka rasa wani ɗan ƙarfensa ko a Kano. Ba mugun kaya ba ne, amma ranar da masu shi suka tafi ranar ya fara mutuwa. Ku dubi abin da ya zauna: amalanke, garmar shanu, gugar tayar mota, murhun Mai Sauƙi da muke yankawa daga tsohon tano, injin niƙa. Duk abin da maƙerin gari zai iya buɗewa ya gyara da abin da ke kasuwar Maradi, shi ke rayuwa. Ƙanena, ko me za ka saya, fara tambaya wa ke gyara shi kuma ina ake samun kayansa. Na sola ma yanzu akwai yara masu gyara, shi ya sa ya fara zama, da can ba haka ba ne.

Kuma in kana neman abin da zai yi maka aiki rani da damina, amalanke ne. Shi zai kai taki gona, ya kawo kara da itace, ranar kasuwa ya yi maka haya.

Manomi daga Mayahi: A nan kam muna tare. Ni sharar gari nake saye ana juye mini a gona, tana gyara ƙasa sosai.

Maƙeri a Maradi: Tana gyarawa, amma yaya, kana tsince ta? Sharar yanzu ba ta da ba ce. Rabi leda, ga fasassun kwalabe, ga batir. Leda tana hana ruwa shiga, tana naɗe saiwa, akuya ta ci ta cushe mata tumbi ta rame ta mutu, mahauta suna ciro ta dunƙule guda. An yi dokar hana leda tun 2014, ga ta nan dai har kan ƙaya. A samu rariyar waya a tankaɗe sharar kafin a watsa. Batir kuwa a ware shi nesa. Masu fasa tsohon batirin mota da na sola a cikin gida don su ciri dalma, ku ji tsoron Allah, ƙurarta guba ce ga yara. Ba mu manta Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga dutsen zinariya da ake daka a gidaje ta kashe yara sama da 400. Ƴan uwana masu zuba tukwane ma ina gaya musu, gwangwanin lemo daban, tarkacen injin mota daban, kada a narka wanda ba a san abin da ke cikinsa ba a yi tukunyar tuwo.

Ɗan Madarumfa: To ledar da aka tsince fa? Na ga ana narka ta da yashi ana yin dutsen shimfiɗa tsakar gida.

Maƙeri a Maradi: Ana yi, yana da ƙarfi kuma. Amma a fili, bayan gari, iska na kaɗa hayaƙin nesa da kai, kuma kada bututun roba na ruwa ya shiga ciki, hayaƙinsa ya fi kowane muni. Ba aikin yara ba ne.

Inna ƴar ƙungiya: Tun da an zo kan gida, a tuna da tukunya cikin tukunya. Babba da ƙarama, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a sama, a ajiye inda iska ke bi. Tumatir da yalo suna kwanaki ba su lalace ba. Wani malami da ya koyar a jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa ta. Da rani take aiki, da damina iska ta jiƙe ba ta sanyi.

Makiyayi daga Dakoro: Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Baba, ina girmama ka, amma sassabin nan mu yana zame mana wuta a wasu wurare. Mutum ya ɗaura jan ƙyalle a kowace sabara, ya kwashe kara tas ya kai gida ya sayar, in an saki gonaki mu zo ba abin da dabba za ta ci, yaro ya ɗaga sanda ya kaɗo ƴaƴan gawo a ce ya yi ɓarna. Burtali kuma kullum ƙara matsewa yake. Alhali takin da kuke nema mu ke ɗauke da shi. Da can manomi shi ke kiran mu, mu sauka a gonarsa da shanu mu kwana biyu, ya ba mu hatsi, mu bar masa gona baƙi ƙirin. Wace dabara ce ta fi wannan arha?

Baba na Tibiri: Babu, ɗan uwana, kuma laifin da ka faɗa akwai shi. Sai dai ka san wasu yaran ba kaɗo ƴaƴa suke ba, kan itacen suke sarewa gaba ɗaya, aikin shekara uku ya tafi a dare guda. Mutanen Dan Saga ta Agye abin da sunka yi shi ne kwamitin tsaron itace, sunka sa mata a ciki, sunka sa Fulanin da ke zaune tare da su, anka yi doka da bakin kowa: ga abin da za a ɗiba, ga yadda za a datse reshe ba a kashe uwar ba, ga tarar wanda ya saɓa ko ɗan wa ne. Mu mutanen wanga yanki da munka ga kisan da anka yi a Toda a 1991 ba mu da bukatar a koya mana inda rigimar gona da kiwo ke kaiwa. Gawon da aka raina, ƴaƴansa na dabba ne ai, ba mutum ke ci ba.

Makiyayi daga Dakoro: In da za a kira mu tun ranar yin dokar, ba ranar biyan tara ba, da an zauna lafiya. Ɗan Gidan Rumji, in kun ɗauke amfani ka bar rabin karanka a gona, ka nemi masu shanun da ke bi ta wajenku ku yi magana tun kafin a saki gonaki. Ka nuna musu itacen da kake raino da hannunka, za su kiyaye.

Ɗan Gidan Rumji: Na gode, Allah ya saka wa kowa. Ga inda na tsaya: tsohon amalanke in na samu mai kyau, jaki akwai a gida. Buhunan wake. Taki na hekta ɗaya kawai, in gwada murfin kwalba in gani. Sassabe kuma bana da gatari mai kaifi za a yi shi, ba da wuta ba. Maganar Oga sai na shawo kan mahaifiyata. Abin da ya rage mini, daga Nuwamba zuwa Mayu ba abin da ke shigowa, shi ke kai mu ci-rani.

Ɗan Jiratawa: Wannan shi ne abin da nake faɗa tun farko, kuma itace da buhu ba su amsa shi ba. Ban janye ba, kuɗin rani a ruwa yake. Abin da na yarda da shi, ba a gonarka ruwan yake ba. Nan wajenmu ana ba da hayar ƴan kadada a fadama, wasu kuma ana raba amfani da mai wurin, injin nasa, ƙarfi naka. Ka rage wani abu daga kuɗin, in kun gama girbi ka zo ka yi rani ɗaya a lambu, ka koyi rainon albasa da yankan zogale, ka ga yadda injin ke aiki da inda yake ba da wahala. Ka zo da wuri, kafin ƙarshen Oktoba wuraren kirki sun ƙare.